Asabe ta Tare Ƙofa

Duk wanda ya zauna a layinmu na Nassarawa GRA a farkon shekarun mulkin farar hula ya san Asabe. In bai san fuskarta ba ya san muryarta, domin ba ta iya magana a hankali ba, ko gaisuwa take yi sai ka ɗauka faɗa ne. Kuku ce a gidan wani Alhaji ɗan kasuwa. Ni kuma ina da shagon tireda a bakin layin, ina sayar da sabulu da magi da burodi da kananzir. A kan bencin shagon nan na ji yawancin abin da zan faɗa, sauran kuma da idona na gani.

A wani ƙauye kusa da Jahun aka haife ta. Aure ne ya kawo ta Kano. Mijinta Sule shi ke tuƙa Alhaji, kuma ya fi zama a hanya a kan gida, yau Legas gobe Abuja. An ba su ɗaki a bayan gida, inda ma'aikata ke zama. Wata rana kukun gidan ya yi tafiya, Hajiya ta ce Asabe ta taimaka da miyar kuka kafin ya dawo. Da ya dawo sai aka mayar da shi wajen guga. Tun daga nan kicin ya zama nata, har Hajiya sai ta yi sallama kafin ta shiga. Hannunta na da nauyi a daddawa, takan ce girkin da babu daddawa wankin tukunya ne. 'Ya'yanta mata duk ta aurar, saura auta, Sadiƙ, wanda a lokacin bai wuce shekara shida ba.

Bayan ɗakinta akwai katangar da ta raba gidan Alhaji da na maƙwabta. Wata damina ruwa ya ci wani ɓangare nata, masu gidajen kowa na jiran ɗan'uwansa ya gyara, har wurin ya zama hanya. A ɗaya gefen, a ɗakunan baya, Malam Dennis da matarsa Joan ke haya. Mutanen Wusasa ne ta Zariya, Kiristoci, Hausarsu ta fi tawa daɗi. Shi yana koyarwa a wata makarantar kuɗi, ita tana ɗinki a gida. Ta wannan gurbi na katanga Asabe da Joan suka yi shekara da shekaru suna miƙa wa juna abinci. Samira ce guda ɗaya, shuɗiya mai murfi, bakinta ya ɗan ɓantare, har an manta ta wace ce. Ƙa'idarta dai ba ta tsallaka katanga babu komai a ciki. In ta je da dambu ta dawo da fate, in ranar babu girki ko gyaɗa ce a zuba.

Joan ba ta da ɗa. Sau uku tana samun ciki yana zubewa, kuma kowane karo sai labari ya zaga, 'yan coci sun zo taya murna, sannan abin ya lalace. Saboda haka ta riƙe Sadiƙ kamar nata. Yana kiran ta Anti, a ɗakinta yake aikin makaranta, da ragowar yadinta ake yi masa rigar salla. Tana kiran Asabe Yaya, Asabe kuma ba ta da sunan da take kiran ta sai Bazazzagiya.

Shekarun ba masu sauƙi ba ne. An ƙaddamar da Shari'a, wasu na murna, wasu na ɗar-ɗar. Rikici ya tashi a Kaduna, daga baya ya tashi a Kano. Bai iso layinmu ba, amma tsoronsa ya iso. Kiristoci da yawa da ke haya a ɗakunan baya suka kwashe kaya suka koma Sabon Gari, wasu suka tafi gida gaba ɗaya. Ranar da gari ya rikice, a ɗakin Asabe Joan da mijinta suka fake, ita kuma ta zauna a bakin ƙofa tana tsintar shinkafa kamar babu abin da ke faruwa. Da hankali ya kwanta Dennis ya so su tashi. Joan ta ce babu inda za ta muddin Yaya na bayan katanga.

Ina da 'yar talabijin a shago. Ran Asabar bayan la'asar nakan fito da ita in ɗora a kan tebur, saboda wani wasan kwaikwayo na iyali da kowa ke so. Yana da sunansa, amma mu wasan su Baba Sanusi muke ce masa, da sunan maigidan da ke ciki, wani mai ƙaton tumbi da kullum dabararsa ke jefa gidan a wahala. Matarsa a wasan Larai take. Masu gadi da direbobi da masu ba fulawa ruwa su cika benci, mata su shimfiɗa tabarma can gefe a gindin darbejiya.

Wata Asabar cikin zafin bazara aka nuna wanda har yau muke tunawa. Ɗan autan Baba Sanusi ya kamu da ƙarambau. Dangi da abokai suka yi ayari za su zo dubiya, kowa da ledar lemo. Larai ta jawo turmi ta kifa a bakin zaure ta zauna a kai, taɓarya a cinya, ta ce ko limamin unguwa ne sai dai ya yi addu'a daga waje. Baba Sanusi ya ga za a ce a gidansa aka hana zumunci, sai ya kafa tsani ta baya yana shigo da abokansa ɗaya bayan ɗaya ta katanga. A ƙarshe aka nuna su a jere a kan tabarma, manya-manyan dattawa, an shafe su da farin maganin nan na kemis tun daga goshi har ƙafa, kowa na mutsu-mutsu, Larai na bi da muciya tana buge hannun duk wanda ya kai farce jikinsa.

An yi dariya har wani direba ya zamo daga benci. Amma da aka gama sai Malam Falalu, dattijon Bakatsine mai gadin gidan su Asabe, ya gyara hula ya ce, "Dariya dai mun yi, amma matar nan ba ta kyauta ba. Duba mara lafiya haƙƙi ne. Yanzu da muke cewa mun koma kan Shari'a, shi ne za a nuna mace ta tare ƙofa da taɓarya, miji na hawa tsani a gidansa kamar ɓarawo?"

"Ai ko mu haka ne," in ji Malam Dennis. "Mutum ya kwanta ba ka je ba, da wane ido za ka dube shi ran Lahadi? Ni da matata ce, da ita da turmin zan ɗauke in ajiye gefe."

"Ka ɗauke wa?" in ji Joan daga kan tabarma. "Kai da tiya biyar ta masara ke sa ka nishi?"

Aka sake fashewa da dariya. A shekarar nan ban taɓa ganin bencina ya haɗu a kan magana ɗaya ba sai ranar. Musulmi da Kirista duk sun yarda Larai ta yi laifi.

Sai muryar Asabe ta taso daga gindin darbejiya. "Ku dai maza ba ku da kunya. Wa ya kwanta a ƙarshe? Wa ya yi jinya? Ita da kuke zagi ita ce ke dama muku kunu. Wallahi da ni ce, tsanin zan fara faskarawa in hura wuta da shi."

"Asabe, ji tsoron Allah," in ji Malam Falalu. "Ciwo ai na Allah ne. Wanda aka rubuta wa sai ya yi."

"Rijiya ma ta Allah ce, Malam Falalu. Je ka faɗa mu gani."

Daga nan hira ta koma kan wa ya taɓa yi. Malam Falalu ya nuna tabo a goshi, Dennis ya naɗe hannun riga, ni ma na nuna nawa a haɓa. Joan ta ce ita ba ta taɓa yi ba, ƙannenta duk sun yi ita ta tsallake. Na ga Asabe ta juya ta dube ta, ta daɗe tana duban ta, ba ta ce uffan ba. Na lura da shirun ne kawai saboda Asabe ba ta saba yin sa ba.

Mako guda ana maganar wasan nan. A teburin mai shayi wasu na cewa a ja wa 'yan wasan kunne, suna koya wa mata raina miji. Wasu na cewa Baba Sanusi ne sakarai, amma ko su ba sa goyon bayan a kori mai dubiya. Duk macen da ta ɗan ɗaure fuska sai a ce mata Larai mai turmi. A layinmu kuwa ba a sha wahalar neman wadda za a liƙa wa sunan ba. Asabe in za ta wuce sai ta ce, "Na amsa. Wa ke da tsani?"

Abin da ba mu sani ba a lokacin, sai daga baya ta gaya mini, shi ne ita wasan bai ba ta dariya ba. Tana budurwa a ƙauye, yayarta Sa'adatu na da tsohon ciki, ɗan maƙwabta ya kamu da ƙarambau. Sa'adatu ba ta so zuwa ba, amma rashin zuwa abin magana ne, ta je ta zauna ta yi sannu ta dawo. Ciwon ya kama ta, ya sauka a ƙirjinta, aka rasa ta da abin da ke cikinta. Asabe ce ta yi jinyarta.

Kuma Asabe ta riga ta ga abin da ko Dennis bai sani ba. Wata safiya tana jajjaga daddawa, Joan ta shigo ta gurbin katanga, ta toshe hanci ta juya da gudu. Ga tsamiya kullum a baki, ga barcin rana a kan keken ɗinki. Joan ta samu ciki, kuma wannan karon ta ƙudura ba za ta gaya wa kowa ba sai ya yi ƙwari.

A gidan da Asabe ta tashi ba a ambatar ciki sai ya nuna kansa. Wanda ya riga mai shi faɗa, in wani abu ya faru, bakinsa ne. Balle a haɗa shi da cuta a magana ɗaya, a dubi macen da ta yi ɓari uku a ce mata kada ki shigo don kada wannan ma ya tafi. A wurin Asabe wannan kiran masifa ne da sunanta. Ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗa ba.

Ba a jima ba Sadiƙ ya dawo daga Gawuna, inda ya yi hutun makaranta a gidan ƙanin babansa. Ya dawo jiki zafi rau, da ƙuraje masu ruwa a bayansa. Yaran can gidan duk sun yi. Kafin ya cire takalmi Asabe ta jawo wata tsohuwar ƙofa daga sito, ta toshe gurbin katanga, ta tokare da turmi.

Da yamma na kai mata kananzir. Na shiga na yi wa yaron sannu, na tarar da Malam Falalu a ciki yana tofa masa addu'a, Hajiya ma ta leƙo ta fita. Muna fitowa sai ga Joan. Ta ga hanya a toshe, ta zagayo ta babbar ƙofa, samira a hannu ɗaya, kwalbar farin magani a ɗaya.

"Yaya, wa ya toshe mana hanya? An ce ɗana ba lafiya."

Asabe ta sha gabanta, ta tsaya a bakin ɗaki ta dafa bango da hannu biyu.

"Tsaya nan. Kada ki ƙara taku."

Joan ta yi dariya. "Larai mai turmi! To na ji, matsa, kunun zai huce."

"Ba wasa nake ba. Ajiye nan ki koma."

Daga ciki Sadiƙ ya jiyo muryarta, ya fara kira, "Anti! Anti, jikina ƙaiƙayi!"

Joan ta yunƙura za ta wuce, Asabe ba ta motsa ba. Dariyar ta bar fuskar Joan. Ta dubi Malam Falalu yana sa takalmi, ta dube ni.

"Malam Falalu ya shiga. Mamman Sani ya shiga. Ni ce ba zan shiga ba?"

"Ke ce."

"Saboda me?"

"Saboda ɗakina ne."

Joan ta sunkuya ta ajiye kwalbar a ƙasa. Samirar kuwa ba ta ajiye ba, ta juya da ita. Da Dennis ya dawo daga makaranta ya zo da kansa, shi ma Asabe ta tsayar da shi a waje. A tunaninta zai iya ɗaukar ciwon a riga ya kai wa matarsa.

Ita dai ta ware waɗanda suka taɓa yi da wadda ba ta taɓa ba. Ba ta lissafa yadda abin zai fito a idon mutane ba. Mai kallo daga waje abin da ya gani shi ne, duk wanda ya shiga ɗakin nan yana salla, biyun da aka mayar kuma ba sa yi. A wata shekarar da an ce halin Asabe ne a wuce wurin. A wannan shekarar ba a wuce ba.

Washegari aka ga samira a kan katanga. Asabe ta ɗauko ta buɗe. An wanke ta, babu komai a ciki. Ta mayar da murfin ta shiga da ita ɗaki.

Magana ta cika layi. Wata rana Asabe ta zo sayen sabulu, sai Bala, wani matashin direba da ke gidan da ke kallon shagona, ya tare ta da fara'a. "Inna Asabe, Allah ya saka da alheri. Haka ake so, kowa ya kama gabansa. Da ma cuɗanyar nan ta yi yawa."

Ta ajiye sabulun a kan teburin shago, ta juyo gaba ɗaya.

"Kai Bala. Ranar da zazzaɓi ya kayar da kai a gareji kana kiran uwarka, wa ya dama maka kunu? Uwarka tana Ɗanbatta. Bazazzagiyar nan ce ta zo. Ka ƙara sa bakinka tsakanina da ita, wallahi da tafasasshen ruwa zan tare ka."

"To me ya sa kika kore ta?"

"Kai ka gina mini ɗakin?"

Bala ya ja bakinsa ya koma wajen motarsa. Malam Falalu da ke kan benci ya girgiza kai. "Kin ga abin da nake faɗa ranar nan. Talabijin ta shiga kan mata. Asabe, matar nan ba ta cancanci haka ba. Je ki ba ta haƙuri, ki bar ta ta ga yaron ko daga bakin ƙofa ne."

"Ko ta taga ba za ta gan shi ba."

"To ke wane ɓangare kike? Kin zagi wanda ya yabe ki, kin ƙi jin wanda ya yi miki nasiha."

"Ɓangaren ƙofata nake," in ji ta, ta ɗauki sabulunta.

Ta ci gaba da jinya ita kaɗai, Sule yana Legas. Ta yanke wa yaron farce, ta sa masa safa a hannu, tana yi masa wanka da ruwan ganyen darbejiya. Kwalbar da Joan ta bari a ƙasa da ita take shafa masa. In ya yi kukan Anti sai ta goya shi, ƙato da shi, tana zagaya ɗaki. Ta bayan katanga kuma keken ɗinki ya yi shiru.

Malam Dennis ya zo shago wata yamma ya zauna a ƙarshen benci. "Mamman Sani, ni ban riƙe ta ba. Zamani ne. Wataƙila an yi mata magana, wataƙila ta gaji da a riƙa nuna ta saboda mu. Matar da ta ɓoye mu a ɗakinta ba zan zage ta ba." Ya share zufa. "Na samu ɗaki a Sabon Gari. Ƙarshen wata za mu tashi. Wannan karon Joan ce ta ce in nema."

Da Asabe ta zo na gaya mata. Ta zauna a benci, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

Na ce, "Inna, ko mene ne dalili, ki faɗa mata. Magana ɗaya ta isa."

"Kana da mata?"

"A'a."

"To yi shiru. Akwai maganar da in ta fita ba a mayar da ita. Gara ta tsane ni tana kan ƙafarta."

"Za su tashi fa."

"Su tashi. Sabon Gari lahira ce?"

Haka ta faɗa da ƙarfi, amma tana ta murɗa gefen mayafinta har ya zama igiya. Ta tashi ta tafi, ta manta da abin da ta zo saya.

Ƙurajen suka bushe, ɓawon ya zube. Duk da haka ba ta buɗe hanya ba, ta ƙara kwanaki don zuciyarta ta kwanta. Ta wanke zannuwa da tabarma da labule, ta shanya katifa a rana, ta aske wa yaron kai. Kafin ta gama wata ya ƙare.

Ranar tashi da hantsi a-kori-kura ta tsaya a ƙofar maƙwabta. Ni da Malam Falalu muka je sallama, muka tarar an riga an ɗora gado da keken ɗinki. Joan na tsaye a tsakar gida tana ɗaure ƙullin kaya. Sai muka ji ana jan turmi a bayan katanga. Tsohuwar ƙofar ta faɗi, Asabe ta ƙetaro da samira a hannu, Sadiƙ na bayanta, fuska duk baƙaƙen tabo.

Yaron ya ruga ya rungume Joan. Ta durƙusa ta riƙe shi tana shafa kansa, tana duba tabon ɗaya bayan ɗaya. Da ta ɗago ta ga Asabe sai fuskarta ta rufe.

"Sannu," in ji ta.

"Karɓi," in ji Asabe.

"Mun ci abinci."

"Ban tambaye ki ba. Buɗe."

Joan ta karɓa don kada a ce ta ƙi a gaban mutane. Ta ɗaga murfin. Fate ne irin na mutanen Zariya, ya sha yakuwa har tsaminsa na tashi, a gefe kuma ga ƙullin tsamiya a leda. Ta kai hanci, ta sake kaiwa.

"Yaya, babu daddawa."

"Ta ƙare."

"Daddawa ta ƙare a ɗakinki?"

Asabe ta kau da kai tana kallon katanga. Joan ta dubi tsamiyar, ta dubi tabon da ke fuskar Sadiƙ, hannunta ya tafi kan ɗaurin zaninta ba tare da ta sani ba. A hankali ta zauna a kan ƙullin kaya.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me? Ni ban ce komai ba." Sannan Asabe ta ƙara, murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ban san tana da ita ba. "Kin san yayata Sa'adatu da nake ba ki labari. Dubiyar ƙarambau ta je. Iyakar abin da zan faɗa ke nan."

Joan ta san yadda Sa'adatu take lokacin da ta rasu, mafarin ne ba ta taɓa ji ba. Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Yaya, na mayar miki da kwano babu komai."

"Na gani. Murfin ma ba ki wanke da kyau ba."

Joan ta yi wata irin dariya haɗe da kuka. Dennis ya shigo daga waje yana goge hannu. "Me ake ciki ne? Mai mota na jira."

"Sauke mini kekena," in ji Joan.

"Sauke? Na riga na ba mutane magana! Ke fa kika ce in nema."

"Ni na ce, ni kuma na fasa. Sauke."

Dennis ya dube ni, ni ma ban gane ba. Malam Falalu ne, da ya aurar da 'ya'ya ya ga jikoki, ya dubi fate, ya dubi tsamiya, ya yi murmushi. "Malam Dennis, sauke kayan nan. Ni dai shawarata ka fara kiwon ra—"

"Malam Falalu!" Asabe ta daka masa tsawar da ta sa mai mota ya leƙo. "Rufe bakin nan! Wa ya tambaye ka?"

Dattijon ya kama bakinsa da hannu. Dennis ya tsaya yana duban matarsa, ya buɗe baki zai yi tambaya, Asabe ta nuna shi da yatsa. "Kai ma. In kuna da magana ku shiga ɗaki, ba a gabana ba." Suka shiga. Da ya fito sai ya hau motar da kansa ya fara kwance igiya, yana ba mai mota haƙuri.

Bayan damina Joan ta sauka lafiya, ta samu mace. Sai ranar Asabe ta buɗe baki ta yi guɗar da aka ji har shagona. Ita ta yi mata wankan jego, kullum da ita da itacenta ta gurbin katanga. An sa wa yarinyar suna Pamela, amma da yake ran Asabar aka haife ta, layi ya kira ta Asabe ƙarama. Dennis yakan ce saboda ranar ce kawai, shi ba zai sa wa 'yarsa sunan mai taurin kai ba.

Bayan wani lokaci gidan talabijin ya maimaita wasan ƙarambau. Aka cika benci kamar da, Joan na kan tabarma da goyo. Da aka zo wurin da Larai ta kifa turmi, Malam Falalu ya gyara hula.

"Naki daban, Asabe, na yarda. Amma ita wannan ba ta da wani dalili. Taurin kai ne kawai."

Asabe ba ta ɗauke ido daga talabijin ba.

"Kai ka san abin da ta gani a cikin masu dubiyar?"